Jan Kifin da Ba Ya Son Maƙwabci

Ranar da jikata ta fara haɗa ido da yaron nan ina tsaye a wurin, don haka ba wanda zai ba ni labari. Daga asibitin ido muka fito, don idona ɗaya ne ke gani, tana riƙe da hannuna wai kada in faɗi, ni da kwalekwale ya kife da ni sau uku na fito da raina. Sai ta ja ta tsaya a bakin wani shago cike da akwatunan gilas, ruwa na ɓulɓula, 'yan kifaye kamar ɗan yatsa suna kai da kawo.

Na ce da mai shagon, "Samari, waɗannan in an soya, guda nawa ke cika baki?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, na kallo ne." Da ni yake magana, amma idonsa na kanta.

Na ce, "Na ga alama. To wadda kake kallo matata ce, ka kiyaye."

Ta rufe fuska ta ce, "Kaka, don Allah mana."

Muka fito da ƙaramin akwatin gilas da kifi shida masu jela kala-kala, wai gofi ake ce musu. Lokacin da aka yi musayar lambar waya ne kawai ban gani ba, shi ma don an ɗiga min magani a ido.

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma abin da aka karanta min sau ɗaya ya zauna daram. Ita kuwa ba ta da aminin da ya wuce ni. In ta taso daga shagon ɗinkinta sai ta zauna kusa da ni ta karanta min saƙonninsu.

"Gimbiyata, kin ba yaranmu abinci? Kaɗan dai, kar ki cika musu. Ni kaɗai ne ba na ƙoshi da ganinki."

Ta amsa masa: "Sun ci, Sarkin Ruwa. Mai jan baki ya fi kowa haɗama, kai ya biyo."

Na ce, "Wane ne Sarkin Ruwa? Shekara arba'in ina jefa taru, kada ya cafke min ƙauri na tsone masa ido, ba a naɗa ni ba sai mai ruwan kwalba?"

Ubanta, ɗana na fari, shi ba wasa a nasa lamarin. Ya ce mutumin da sana'arsa kifin da ba a ci, me zai ci da iyali? Akwai ɗan abokinsa ma'aikacin banki, muna ce masa Mai Kwat, shi yake so a ba.

Ana cikin haka wata rana ta biya shagon kifin, ta tarar da wata doguwa a ciki. Ya sunkuya yana nuna mata kifi, kawunansu sun kusa haɗuwa, ana ta dariya. Ko sallama ba ta yi ba ta juyo gida.

Na ce, "Ai ciniki ne."

Ta ce, "Ni ma da ciniki aka fara, Kaka."

A satin nan Mai Kwat ya ji labarin tana son kifi, ya kawo mata wani ja jawur a cikin leda, fiffikensa na jan ƙasa kamar labule. Da can ko ruwa ba ta karɓa daga hannunsa, ranar kuwa har da godiya. Ta ɗauki hoto ta tura wa mai kifi.

"Dubi kyautar da aka kawo min. Ya fi naka kyau ko? In sa shi cikin yaranmu?"

Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo kuma ba Gimbiya a ciki.

"Ki tambayi wanda ya kawo miki. Ai masu kwat sun san komai."

Na leƙa ledar na ce, "Kifin da ke buɗe kunnuwa haka ba zaman lafiya ya kawo shi ba."

Ta ce, "Kaka, nan ba kogi ba ne." Ta juye shi cikin akwatin.

Da gari ya waye biyu na yawo a saman ruwa ciki sama. Sauran huɗun sun maƙale a lungu, jelarsu ta zama tsumma. Ta kira Mai Kwat tana kuka, ya ce ai kifi ne, a sayi wasu. Ta kashe wayar. Mai kifi kuwa hoto kawai ta tura masa, ba ko kalma ɗaya.

Ba a yi awa ba sai ga shi da bokiti da 'yar koma da wani akwatin gilas. Ya tarar da ubanta a falo.

Ubanta ya ce, "Ga irin sana'ar taka nan. Ka sayar mata da abin da ba ya kwana."

Ni a raina na ce dama ta samu, yanzu zai ɗora wa Mai Kwat. Sai yaron ya durƙusa.

"Baba, laifina ne. Jan nan beta sunansa, namiji ne. In ya ga jela mai launi tana kaɗawa sai ya ɗauka wani namijin ne ya shigo masa gida. Ba a haɗa shi da gofi. Tun da na ga hoton na sani. Ta tambaye ni na ƙi faɗa, don haushin wani ne ya kawo."

Jikata na bakin ƙofa. Ta ce, "Ka sani?"

"Na sani."

"Ka bari suka mutu don ka huce."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Da doguwar nan ce ta tambaye ka ai da ka faɗa mata."

"Wace doguwa?"

"Mai dariya."

"Kifi biyu ta saya ta tafi. Ko fuskarta ban riƙe ba."

"Ni na riƙe." Ta shige ɗaki.

Ubanta ya ce a kwashe jan a watsa a kwata. Yaron ya ce, "A yi haƙuri, Baba, shi ba ruwansa, halittarsa ce. Ɗakinsa kawai yake so." Ya ɗauko shi a hankali ya sa a sabon akwatin, har da ɗan ganye na fakewa. Ya sauya wa huɗun ruwa, ya barbaɗa ɗan gishiri.

Kullum da yamma sai ya zo ya duba su. Kifin abokin takararsa ma shi yake ba abinci. Kwana tara ba ta ce masa uffan ba, yana shiga tana fita. Ya rame har wuya ya fito, ni kuwa ban tausaya masa ba, don ni ma ya ƙwace min abokiyar hira.

Rana ta goma ta rubuta masa: "Jelar ɗaya ta fara tohowa. Ban yafe ba tukuna. Amma gobe ka zo da wuri."

Ya amsa: "Kafin ki buɗe shago ina ƙofa, Gimbiyata. Kishi ba zan daina ba, amma daga yau da baki zan yi shi, ki ji."

Ta karanta min sau uku. Na ce na haddace tun na farko.

A cikin makon nan ɗana ya same ni ya ce, "Baba, yaron nan ya samu wanda zai ɗora wa laifi, ya ƙi. Ka ce ya turo magabatansa."

Na ce, "Kai sai yanzu ka gani da ido biyu. Ni da ɗaya na gani."

Aka ɗaura aure, ni ne waliyyi, kuma kowa ya shaida ba wanda ya kai ni kwarjini a wurin. Da za a tafi da amarya ta rungume akwatin gofinta, ta ƙi yarda kowa ya ɗauka, ango na biye yana cewa a hankali kar ruwa ya zube. Jan kuwa ango ya ce ba zai kwana a gidansa ba, amarya ta ce ita ma ba ta nema ba. Yana nan kan tagata, muna zaman mutunci.

Na dafa kawunansu na ce Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Wanda ya tambayi ɗan'uwansa a cikinku, Allah Ya sa a ba shi amsa ko da ana fushi. Suka ce amin, har ubanta.