Auta da Waƙoƙin Reno

Auta na zaune a bakin gado tana ninke wanki, hankalinta can wata duniya, sai saƙo ya shigo wayarta. Sau uku ta karanta kafin ta saki ihu.

"Umma! Sun ɗauke ni! Duk 'yan ajin ƙarshe, mu huɗu kacal jami'a ta ba tallafin bincike!"

"Binciken me kuma, ana saura wata biyu bikinki?"

"Waƙoƙin reno, Umma — waɗanda tsofaffi ke lallashin jarirai da su. Zan bi ƙauyuka in naɗo su kafin su ɓace. Wata bakwai ne kawai..."

Umma ta riƙe haɓa. "Kawai? To, ki shirya wa Hajiya."

Hajiya, mahaifiyar Dogo kafinta, wanda Auta za ta aura, da kanta ta tako washegari da hantsi.

"A ɗaga biki saboda waƙa? Waƙa fa! Yarinya, ki zaɓa: ko ɗana, ko rikodarki!"

Auta ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Da la'asar Dogo ya zo ƙofar gida, gashinsa duk garin katako.

"Share hawayenki ki tafi," ya ce. "Ni ma gadonmu da nake haɗawa ƙafa uku gare shi har yanzu."

"Hajiya fa?"

"Uwata ce, ba zan ɗaga mata murya ba. Ni da lallashi, ke da gaisuwa."

Haka ta tafi. Ta zauna a ɗakuna masu ƙamshin hayaƙi, tsofaffi na lumshe ido suna rerawa, suna jijjiga hannuwan da babu kowa a cikinsu. Wani lokaci takan manta da rikoda, ta hango kanta goye da jariri mai dogayen yatsu irin na Dogo. Duk mako tana kiran Hajiya. "Lafiya," kawai ake ce mata, a katse. Ba ta fasa ba.

Ranar da ta dawo, ta je ta durƙusa gaban Hajiya.

"Kunna in ji abin da aka wulaƙanta mu a kansa," in ji Hajiya.

Ana cikin waƙa ta uku Hajiya ta ɗaga hannu. "Tsaya! Ba haka ake ƙarasa ta ba." Sai ta ɗauka da kanta, a hankali. Da ta kai ƙarshe ta goge ido da bakin mayafi.

"Tun rasuwar mahaifiyata ban sake jin ta ba. Shekarata tara a lokacin... Kin naɗa?"

"A'a, Hajiya. Kuka nake yi."

"Ji shirme! Kunna in sake, 'yata."

Bayan wata guda aka ɗaura aure, jami'a kuma ta buga binciken da sunan Hajiya a shafin godiya. Auta ba ta yar da karatunta ba, Dogo bai saɓa wa uwarsa ba. Haƙuri da ladabi ne suka ba su abin da gardama ba za ta taɓa ba su ba.