Fatar Dutse

Aikina shi ne binciken ire-iren gansakukar da ke mannewa a jikin duwatsun hamada. Da rana duk kamarsu ɗaya, kamar busasshiyar ƙazuwa. Sai duhu ya shiga nake haska su da wata tocila mai shuɗin haske: wadda muka sani takan yi ruwan ɗorawa, sabuwar da nake nema kuwa fari tas.

Ran nan bayan magariba na same ta a jikin wani dogon dutse da ke tsaye shi kaɗai. Direbana yana can nesa cikin mota. Na sa wuƙa na kankaro faɗin babban yatsana, na juya wa dutsen baya, na durƙusa ina naɗe ta a takarda.

Iska ta ɗauke cak. Na ji ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, a wurin da ya shekara bai ga ruwa ba.

"'Yata, wa ya ba ki?"

Muryar tsoho ce a bayana, kamar ana jan ƙafa cikin tsakuwa.

Na ce, "Sannu, Baba. Ai ɗan kaɗan na ɗiba."

"Kaɗan? Kin san shekara nawa take yi kafin ta kai faɗin farce?"

Na sani sarai. Ta girmi kakata.

"Mayar mini da abina."

Na waiwaya da tocilar. Babu dutsen. Fuskar tsohon ta haska fari tas daga goshi har wuya, in ban da kuncinsa na hagu, inda akwai ɗanyen tabo, daidai faɗin babban yatsana.