Ba Takalmi a Ƙofa

Shekarata ta shida ke nan a ɗakin bincikenmu na birnin Haidarabad, ina bin furotin guda da ya ƙi nuna mini aikinsa. Ƙwayoyin halittar ɓera da nake raino ba ruwansu da dare. In ba a sauya musu ruwan abinci ba sai su mutu, digirina ya bi su.

Na ja ƙafa na hau bene. Ba a shiga ɗakin rainon da takalmin waje, ko Farfesa a ƙofa yake tuɓewa. A daren nan ƙofar wayam, amma ina jin ƙarar kwalabe a ciki.

Wata mata na tarar a kujerata, ta ba ni baya, tana sauya wa ƙwayoyina ruwa. Shuɗiyar fitilar kashe ƙwayoyin cuta na kunne a kanta.

Na kashe, na kira ta yaya da yarenmu, na ce, "Akka, fitilar nan tana ƙona fata fa."

"Ta daɗe da daina damuna. Ke ce Sravanthi, ko? Farfesa ya ce miki saura kaɗan ki gama?"

"Kullum haka yake cewa."

"Ni ma haka ya ce mini." Muryarta da sanyi, kamar an buɗe firji. Ta juyo. "Je ki kwanta, ƙanwata. Na saba."

Don gajiya, har daɗi na ji. Na sunkuya in miƙa mata silifas ɗin ɗakin, ganin ba komai a ƙafarta.

Fuskarta ni take kallo. Dugaduganta ma haka, irin na fatalwar da ake ba mu labari muna yara.