Baƙon Saman Hasumiya

Shekarar da annoba ta shiga birnin Prag, dogarai suka buga wa ƙofar Malam Vavrinec ƙusoshi daga waje, domin matarsa Ludmila ta kamu. Masanin taurari ne, kuma tun daga ranar ba shi da wurin shan iska sai saman hasumiyar gidansa, inda ake hawa ta wata 'yar ƙofa mai murfi.

Wani dare yana duƙe kan madubin hangen nesa, yana bin tauraro mai wutsiya, sai ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Tsoho, ka karkata shi da yawa. Ɗan yi hagu."

Ya waiga. Wani dogon mutum ne cikin baƙar alkyabba, tsaye a kan murfin ƙofar. Sanyi na yankan kunne, amma ko tururi bakinsa ba ya fitarwa.

"Bawan Allah, ta ina ka shigo? Gidan a garƙame yake."

"Ina ruwana da ƙusa?" Mutumin ya yi dariya, sai dai sautin daga ƙarƙashin ƙafafun Vavrinec ya fito.

Can ƙasa Ludmila ta kira sunan mijinta, murya a dishe.

"Don Allah matsa mini. Matata ce."

"Na sani, daga wurinta nake. Gama kallonka tukuna, ai ba sauri muke ba."

Vavrinec ya leƙa ta bakin hasumiyar da ke bayansa. Babu komai sai duwatsun titi can nesa ƙasa. Ya tako gaba, ya ɗaga ido zai roƙe shi. A tsakiyar ƙirjin mutumin, ta cikin alkyabbar, ya hango taurarin Kaza da 'Ya'yanta suna ƙyalli, daidai inda suke a sama.