Hannun Maccido

Duk mai bin hanyar Goronyo ya san tsohon gidan casar shinkafar nan mai jan kwano. Maccido, mai zanen bayan motoci, shi ya share ƙaiƙayin ciki, ya shafe bango da farar ƙasa, ya rataye zane-zanensa tsakanin matattun injuna. Shekara uku ba mai saye, sai manoma masu shigowa shan inuwa.

Wata Laraba da hantsi ya shiga kwalekwale zuwa tsibirin boka Mode a tsakiyar dam. Bukka ce mai jan ƙyalle da kawunan kifi rataye, baƙar tukunya na tafasa bisa duwatsu uku ba wuta.

"Mi kaka so?" in ji Mode.

"A sayi aikina, Baba. Na gaji."

Mode ya miƙo masa laka a ƙoƙo. "Daga maƙabartar da ruwa yac ci aka ɗebo ta. Gauraya ta da fentinka. Amma duk wanda kaz zana, nawa na."

"Ban da mutanen gidana."

"Ni ba ni zaɓe. Hannunka shi ka zaɓe."

Maccido ya ɗauka ya yi wayo: zai riƙa ƙirƙiro mutanen da babu su. Kafin damina motocin manya daga birane sun cika ƙofar gidan, kuɗi har ya rasa inda zai kai su.

Abin da ya manta, hannun mai zane fuskokin gida ya sani. Wata mai sayar da kifi da ya ƙirƙira, idon mahaifiyarsa gare ta. Ranar da aka sayi zanen mahaifiyar ta kwanta, ba ta tashi ba. Wani masunci da ya zana kuwa kafaɗun ƙanensa Zayyanu ya ɗauko, sati guda ruwa ya ci Zayyanu. Don baƙin ciki matarsa Mairo ta zauce, tana gaida bango.

Tsoro ya kama shi saboda 'yarsa Uwaliya, ita kaɗai ta rage da lafiyarta. Ya daina zana fuska. Zanensa na ƙarshe wata mata ce can nesa cikin gonar albasa, ta juya baya.

Uwaliya ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallo, ta yi dariya.

"Baba, ai tsayuwata ta wagga."

Ranar Juma'a aka binne ta.

Yanzu kwanon ya tsage, jemagu sun gaje gidan. Maccido na nan, tsoho, yana zane a ƙasa da yatsa, yana sharewa da sauri kafin ya gane ko wane ne. Kai mai gaggawar arziki, je ka gan shi tukuna.