Sa Hannun Mamaci

Ranar Talata wani likita ya kai ƙara wurin 'yan sanda: an kwashe bayanan marasa lafiyarsa daga manhajar asibiti. Manhajar ta 'yan sa-kai ce. Kowa na iya kawo gyara, amma ba ya shiga sai biyu cikin masu makulli uku sun sa hannu.

Sufeto ya sami shugabansu a ofis, shayinsa ya huce.

"Wa ya buɗe wa ɓarayi ƙofa?"

"Mai fassararmu ce ta taɓa manhajar a ƙarshe. Sabuwa ce," in ji Shugaba, idonsa a kan tebur.

Aka kawo ta caji ofis tana goye da jariri.

"Yallaɓai, ni kalmomi nake juyawa. Ko waƙafi ban isa in shigar ba. Idan kuka rufe ni, wa zai shayar da wannan?"

Ta nuna masa rajistar gyare-gyare. Gyaran da ya bar ƙofa a buɗe na Shugaba ne. Hannu na biyu na wani Dogo.

Sufeto ya je wurin Injiniya, mai makulli na uku.

"Sau biyu na ƙi gyaran nan," in ji shi.

"Ina Dogo?"

Injiniya ya cire tabarau. "Watansa bakwai da rasuwa."

"Makullinsa na aiki?"

"Shi ya kafa manhajar. Babu wanda ya iya goge sunansa. Nauyi muka ji. Makullin na cikin kwamfutarsa."

A gidan marigayin, matarsa ta amsa daga bakin ƙofa. "Kwamfutarsa? Ƙaninsa ya karɓa. Shugaban nasu."

Sufeto ya koma ofishin Shugaba tare da Injiniya, ya buɗe durowar ƙasa. Kwamfutar tana nan.

"Ban san ɓarayin ba, wallahi," in ji Shugaba. "Injiniya ya kunyata ni gaban kowa. Na ce da Yaya na raye, da ya sa mini hannu."

"Da ya sa?" in ji Sufeto.

Shugaba ya girgiza kai.

"A'a. Da ya zage ni."

"Ka ari hannun mamaci, ka jingina wa mai goyo laifi. Tashi."

Aka sa masa ankwa. Mai fassarar, da aka sako, na zaune a baranda. Bai iya dubanta ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Injiniya, cire makullina yanzu. Na Yaya kuwa, ka bari in fita tukuna."