Ƙyallen Makoki a Bargon Amarya

Gendhis na zaune a barandar gidansu, bayanta kamar zai ɓalle, yatsunta duk sun sha sukan allura. Tun farkon damina ƙawayen ɗinkin mahaifiyarta ke haɗa mata bargon aure. Kowacce ta ɗinko falle guda da ƙyallayen batik, atamfar garinsu, da irin zanen da ta ga dama, sannan a haɗe su. Falle ɗaya ya rage, na Bu Warsini, wato Inna Warsini, uwar Danang, saurayin da za ta aura.

Ita kuwa Bu Warsini, tun da mijinta ya rasu fara'a ta ƙaurace mata. Ta shigo, ta ajiye nata a naɗe bisa tabarma, ta ce kanta na ciwo, ta juya abinta.

Yu Parti, wata cikin ƙawayen ɗinkin wadda bakinta ba ya hutawa, ta warware fallen. Sai soyayyen rogon da take ci ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Slobog ne! Zanen da ake rufa wa gawa, shi za a shimfiɗa wa amarya?"

Bu Tarmi, mahaifiyar Gendhis, ta miƙe tsaye.

"Dama na faɗa! Ranar da suka zo tambaya ko shayinmu matar nan ba ta kurɓa ba. Mutuwa take yi wa 'yata fata? Wallahi an fasa auren! Ina almakashi?"

"Haba Mama..."

"Rufe min baki!"

Gendhis ta fizge ƙyallen ta shige ɗaki. Ko kukan kirki ta kasa, don gajiya. Wata da watanni tana tsakanin iyaye mata biyu, ta lallashi wannan, ta ba waccan haƙuri. Ta kira Danang a waya.

"Mas Danang, na gaji. Wallahi na gaji."

"Ni ma ban san da shi ba," ya ce, muryarsa a dishe. "Amma don Allah kada ki sake ni kan abin da ba mu ji bakinsa ba."

Da safe ta nufi gidan Bu Warsini, ta durƙusa gabanta, ta ajiye ƙyallen.

"Bu, ba faɗa ya kawo ni ba. Ki gaya min kawai, me na yi miki?"

Tsohuwar ta shafa ɗinkin.

"Da wannan zane aka rufe baban Danang. Yana kwance yake ce min, 'Ashe ba zan ga matar yaron nan ba.' Na rasa yadda zan kawo shi bikinku, 'yata. Na ɗinka na farke, na sake ɗinkawa. Shayin nan kuma, kuka nake dannewa, shi ya hana ni sha."

"To me ya hana ki faɗa, Bu?"

"In na fara ba zan iya tsayawa ba."

Ai kuwa ba ta tsaya ba. Gendhis ta rungume ta, suka yi kukan tare.

Da ta koma gida ta zayyana komai gaban matan. Bu Tarmi ta karɓi ƙyallen tana juya shi, fuska a murtuke.

"Ɗinkin ma ya karkace. Hannun baiwar Allah rawa yake yi."

Ta shiga ɗaki, ta fito da sabon zanen da za ta ɗaura ranar bikin, irin na iyayen amarya. Ƙerere! Ta tsage bakinsa, ta soma zagaye ƙyallen makokin da shi.

"Me kuke kallo? Ku miƙo min zare!"

Ku 'yan mata, ku riƙe wannan: in ran manya ya ɓaci, ku yi haƙuri ku je ku tambaya kafin a ɗauko almakashi. Da Gendhis ta biye wa fushi, da ta rasa miji, ta kuma rasa uwa ta biyu.

Ranar da aka kai amarya aka shimfiɗa bargon. Bu Warsini ta dafa fallen nan da ke tsakiya, ta ce wa marigayi mijinta a hankali, "Ga ta nan, Pak. Ka gan ta."